Isa Kan Kari: Waiwaye Kan Hanyoyin da Saƙon MIDI Ya Bi

Duk wanda ya taɓa juya tsohon fiyanon lantarki ya dubi bayansa zai tuna wasu ramuka biyu ko uku zagayayyu, kowanne da 'yan ƙofofi biyar a jere, an rubuta MIDI a samansu. Akwai makaɗan da suka yi shekara da shekaru suna sana'a ba su taɓa cusa komai a ramukan nan ba, akwai kuma waɗanda aikinsu kacokan a kansu ya rataya. Yau ramukan sun fara ƙaranci a jikin ƙananan kayan kiɗa, amma saƙon da aka yi su dominsa yana nan daram. Hanya kawai ya sauya. Yana bin kebul ɗin USB, yana bin Bluetooth, yana kuma bin netwok ɗin cikin gida, wato Ethernet ko Wi-Fi ɗin da ke haɗa kwamfutocin ofis da firinta. Wannan hanya ta ƙarshe ce nake son mu waiwaya mu duba, don a kanta aka fi ganin abin da aka samu da abin da aka rasa.

MIDI ba sauti ba ne, umarni ne. Idan makaɗi ya danna maɓalli, fiyano kan fitar da gajeren saƙo mai gaɓa uku: an danna a tasha kaza, maɓalli mai lamba kaza, da ƙarfi kaza. Idan ya ɗaga yatsa, wani saƙon ya biyo baya cewa an saki. Lambobin daga 0 suke zuwa 127, tashoshin kuma 16 ne a kebul guda. Na'urar da ta karɓi umarnin ita ke fitar da amo, na sarewa ne ko na ganga. Shi ya sa waƙar da za ta cinye megabayit 50 in aka naɗi sautinta, umarninta ba ya wuce 'yan gomman kilobayit.

Wahala ce ta haifi abin. A ƙarshen shekarun 1970 kowane kamfani da yarensa, na'urar wannan ba ta jin ta wancan. A watan Oktoban 1981 Dave Smith, mai kamfanin Sequential Circuits a Kalifoniya, ya kawo shawarar a yi yare guda. Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland a Japan, na da irin wannan buri, Yamaha da Korg da Kawai kuma suka shigo. A Janairun 1983, a baje-kolin NAMM da ke Anaheim, aka haɗa Prophet-600 na Sequential da Jupiter-6 na Roland, aka danna wannan, wancan ya amsa. Babu wanda ya ce sai an biya shi kafin a yi amfani da yaren. A 2013 aka ba mutanen biyu lambar Grammy ta fasaha.

Kebul ɗin da suka zaɓa ba mai sauri ba ne. Bit 31,250 yake ɗauka a daƙiƙa, saƙon danna maɓalli guda na cin kusan milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Tsawonsa bai kamata ya wuce mita 15 ba. Fuska ɗaya saƙo ke bi a cikinsa. In ana son amsa sai a ƙaro wani kebul. Idan makaɗi ya saukar da yatsu goma lokaci guda, layi saƙonnin ke bi, na ƙarshe ya iso bayan na farko da milisakan shida zuwa tara.

Amma yana da wani hali da ba a san darajarsa ba sai da aka bar shi. Ba ya ɗaukar kayan kowa sai na kiɗa, kuma jinkirinsa na yau shi ne na gobe. Milisakan ɗaya ba wani abu ba ne ga kunne. Shi ne lokacin da sauti ke ɗauka ya ci santimita 34 a iska. A bakin kowace ƙofar karɓa kuma akwai wata 'yar na'ura mai mayar da lantarki haske sannan ta sake mayar da shi lantarki, ta yadda babu haɗin ƙarfe tsakanin kayan biyu. Wannan ya hana gurnanin nan da ke shiga lasifika idan aka jona kayan da ke kan soket daban-daban.

Matsala ta fara ne da kaya suka yi yawa. Ƙofa ta uku, ta wucewa, na ba da damar a jera na'urori wannan ta miƙa wa waccan, amma bayan uku ko huɗu saƙo kan fara gurɓacewa. Tashoshi 16 suka yi kaɗan, sai aka ƙero akwatuna masu ƙofa takwas-takwas, irin MIDI Timepiece na kamfanin MOTU, masu ba da tashoshi 128. Bayan teburin babban situdiyo na shekarun 1990 ya cushe, kowane kebul da ɗan tef a wuyansa an rubuta inda ya dosa. Canza hanya sai da durƙuso da tocila. Duk da haka komai a fili yake. In sauti ya ƙi fita, sai a bi kebul da hannu daga wannan kai zuwa wancan: ko ya zare, ko ya karye, ko an cusa shi a ƙofar da ba tasa ba, ko tasha ce ba ta dace ba. Wurare huɗu ne abin zargi, kuma yaron situdiyo zai bi su kafin shayi ya huce.

Wani abin ban dariya ya faru a zamanin. Kwamfutar Atari ST da ta fito a 1985 ta zo da ƙofofin MIDI a jikinta, makaɗa suka yi mata rububi, musamman a Turai. A kanta manhajar kiɗa ta Cubase ta fara fitowa a 1989. A 1987 aka yi wani wasan kwamfuta mai suna MIDI Maze, inda ake haɗa har kwamfuta 16 a zobe ta ƙofofin nan, 'yan wasa na farautar juna a lunguna. Wato lokacin da netwok ke da tsada, kebul ɗin kiɗa ne ya goya shi. Ba a yi shekara ashirin ba reshe ya juye: netwok ya yi arha, shi ya koma goyon kiɗan.

A ƙasar Hausa yawancin masu kiɗan zamani ba su ratsa wannan cunkoson kebul ba. Lokacin da waƙoƙin finafinan Kano suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, fiyano guda, galibi Yamaha na jerin PSR, shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne komai. Umarnin a cikinsa yake yawo, ba ya buƙatar fita waje. Daga nan aka tsallaka zuwa kwamfuta guda mai FL Studio ko Cubase, da ɗan fiyano a gabanta an jona shi da USB. Buƙatar tura umarni daga wannan na'ura zuwa waccan ta taso wa da yawa ne sai da wayar hannu ta zama kayan kiɗa.

Inda aka fi jin jiki shi ne wajen masu tsara kiɗan manyan finafinai a Amurka da Turai. Daga 1998, da fitowar manhajar GigaSampler, aka fara kaɗa sautin kayan kiɗa na gaske, amo bayan amo, kai tsaye daga faifan kwamfuta. Sautukan sun yi wa kwamfuta ɗaya yawa, don tsarin lokacin mai bit 32 ba ya iya amfani da ƙwaƙwalwar da ta wuce gigabayit 4. Sai aka raba aiki: kwamfuta ɗaya ta riƙe kayan tsirkiya, wata kayan busa, wata ganguna, babbar kwamfuta na ba su umarni. Kowacce sai an saya mata akwatin MIDI da damin kebul, alhali dukansu suna da ƙofar Ethernet a baya tana zaman banza.

USB, wanda aka tsara masa ƙa'idar ɗaukar MIDI a 1999, rabin matsalar ya warware. Yana da sauri, amma mita biyar ne iyakarsa, kuma kwamfuta biyu ba sa magana da juna kai tsaye ta cikinsa. Yamaha ya gwada nasa tsarin mai suna mLAN a kan kebul ɗin FireWire, bai samu karɓuwa sosai ba. Ethernet kuwa na kaiwa mita 100, ana samun kebul ɗinsa a kowane shagon kayan kwamfuta, kuma mai gudun megabit 100 ya ninka tsohon kebul ɗin MIDI sau 3,200. In lissafi ne, magana ta ƙare.

A aikace kuwa nan aka fara. Tsohon kebul kamar ɗan aike ne mai tafiya da ƙafa a kan wata siririyar hanya da babu kowa sai shi: ba ya gudu, amma ka san lokacin isarsa. Netwok tashar mota ce. Ana ɗaure saƙo a ƙunshi, a rubuta adireshi, a jefa shi cikin kayan jama'a. Motar ta fi ɗan aiken gudu nesa ba kusa ba, sai dai wani lokacin ta tashi nan take, wani lokacin ta jira lodi, wani lokacin ƙunshin baya ya riga na gaba, wata rana kuma ƙunshi ya faɗi a hanya ba wanda ya sani. Ga imel ko hoton da ake saukewa wannan ba komai ba ne. Ya iso yanzu ko bayan rabin daƙiƙa, duk ɗaya. A kiɗa kuwa, bugun da bai zo kan kari ba ya riga ya zama wani bugun daban.

Makaɗi yana iya zama da jinkirin da ba ya canzawa. Masu kaɗa manyan ogan a majami'un Turai sun saba da danna maɓalli su ji amo daga baya, hannunsu ya koyi yin gaba kaɗan. Abin da ba ya zaunuwa shi ne jinkiri mai rawa: wannan bugun ya makara da milisakan biyu, na gaba da sha biyar, na bayansa da huɗu. Ba a sabawa da shi, don ba shi da tsayayyen hali. Mai sauraro ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, zai dai ji kiɗan ya ƙi zama. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ɓatan ƙunshi ya fi muni, saboda an gina yaren ne bisa zaton duk abin da aka aika zai isa. In saƙon dannawa ya ɓace, amo ɗaya aka rasa, da wuya a lura. In na sakewa ne ya ɓace, na'urar can ba ta da hanyar sanin an ɗaga yatsa. Za ta riƙe amon ta yi ta busawa har sai an tsawata mata. Shi ya sa manhajojin kiɗa ke da maɓallin gaggawa mai aika umarnin kowa ya yi shiru. A situdiyo dariya ake yi a wuce. A gaban jama'a, cikin manyan lasifika, gumi ake yi.

Hanyoyi biyu netwok ke da su na kai ƙunshi, kowacce da aibinta. TCP, wadda shafukan intanet suka daɗe suna bi, ba ta yarda komai ya ɓace: in ƙunshi bai isa ba sai a sake aika shi, duk na bayansa su tsaya jira. Amo ba zai maƙale ba, amma kiɗa zai yi tuntuɓe, sannan saƙonnin da suka taru su zubo lokaci guda. UDP kuwa aikawa kawai take ba waiwaye. Ba jira, ba kuma tabbaci. Makaɗi duka biyun yake so, alhali an gina su ne a kan a zaɓi ɗaya.

Waɗanda suka fi kusantar haɗa biyun su ne John Lazzaro da John Wawrzynek na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Sun ɗora MIDI a kan RTP, tsarin da tun 1996 ake kai murya da bidiyo kai tsaye da shi, mai sa wa kowane ƙunshi lambar jeri da hatimin lokaci. Sannan suka ƙara tasu dabarar. Kowane ƙunshi, ban da sabon saƙon da ya ɗauko, yana tafe da ɗan kundin tuni mai bayyana halin da ake ciki: waɗanne maɓallai aka danna, waɗanne aka saki, feda na ƙasa ko sama, wace murya aka zaɓa. In mai karɓa ya ga lamba 41 ta biyo bayan 39, ya san 40 ta faɗi. Ba ya neman a sake turo masa, sai ya buɗe kundin 41 ya gyara kansa, ya kashe amon da ya kamata a ce ya mutu. Lokaci-lokaci yakan sanar da mai aikawa inda ya kai, don kada kundin ya yi ta kumbura. Hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da wannan a matsayin RFC 4695 a 2006, aka sabunta shi a 2011. Hikimarsu ita ce yarda da cewa amon da lokacinsa ya wuce ba shi da sauran amfani. Abin da ke tafe shi ake ceta.

Kamfanin Apple bai jira takardar ta kammala ba. A 2005 ya sa MIDI na netwok cikin Mac OS X 10.4, ya ƙara abin da ya rage, wato yadda na'urori za su gano juna su ƙulla zama. Kowace kwamfuta na shelanta sunanta ta wani tsari mai suna Bonjour, ɗaya ta aika gayyata, ɗayar ta amsa ko ta ƙi, su riƙa gwada agogunansu a kai a kai, in an gama a yi bankwana. A 2010 iPhone da iPad suka samu wannan damar. Wani injiniya Bajamushe, Tobias Erichsen, ya rubuta manhajar rtpMIDI ga masu Windows. Kamfanoni irin su Kiss-Box da iConnectivity suka ƙera akwatuna masu ƙofar Ethernet a gefe guda da tsoffin ramukan a ɗaya gefen, ta yadda na'urar 1985 za ta karɓi umarni daga kwamfutar hannu. Akwai kuma hanya mafi sauƙi, irin ta ipMIDI da QmidiNet, inda ake watsa saƙo ga duk na'urar da ta kasa kunne, ba gayyata ba kundi. Masu kiɗan fim kuwa suka rungumi Vienna Ensemble Pro, mai tura umarni ta kebul guda ya dawo da sautin ta cikinsa.

Ribar ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata kewar da ta hana a faɗe ta ba. Kwamfutoci masu ƙarar fanka suka koma wani ɗaki, situdiyo ya samu shiru. A babban taro, kebul guda daga teburin injiniya da ke tsakiyar 'yan kallo zai kai umarni ga fiyano, ya canza muryar gita, ya kunna fitilu daidai kan bugu. Abin da a da sai an shiga ƙarƙashin tebur ya zama danna linzami. Har kariyar nan daga gurnani, wadda USB ya zubar, Ethernet ya dawo da ita, don shi ma ƙofofinsa a ware suke da 'yan taransifoma. A kan kebul, in ba cunkoso, ƙunshi kan ratsa ɗaki cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Ga mai ƙaramin ƙarfi kuma akwai ribar da ba a cika ambata ba: netwok na cikin gida ba ya cin data. Rautar da babu layi a cikinta ta isa wayar hannu ta zama fiyano, ko tsohuwar kwamfutar da aka jingine ta koma rumbun sautuka.

Abin da aka rasa shi ne gani da ido. Wuraren zargi huɗu sun zama ashirin, kuma yawancinsu ba sa taɓuwa da hannu. Rauta ta sauya wa kwamfuta adireshi cikin dare. Katangar tsaro ta tare ƙofa. Wata na'ura na kan Wi-Fi ɗin baƙi, wanda aka tsara shi don kada na'urori su ga juna. Kwamfuta ta yi barci, zaman ya watse, ta farka bai dawo ba. An ɗauke wuta, janareta ya tashi, komai ya kama sai rauta da ke nan tana shiri. Wi-Fi ne ya fi taurin kai: na'urori karɓa-karɓa suke wajen magana a iska, wayar hannu kan kashe rediyonta na ɗan lokaci don tanadin batir, saƙon da ake watsa wa kowa kuma a hankali ake aika shi ba tare da jiran shaidar isarsa ba. Abin da ya yi aiki lafiya lau da rana wajen gwaji yana iya rikicewa da dare, in zaure ya cika da ɗaruruwan wayoyi. Makaɗin da a da kunne da yatsa suka ishe shi, yanzu sai ya san adireshin IP, ko ya riƙe wanda ya sani.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne shawarar da masana aikin ke bayarwa bayan shekara ashirin da wannan fasaha. Ka ware wa kiɗa netwok nasa, kada ka haɗa shi da na gida ko na ofis. Ka ba kowace na'ura adireshi tsayayye. Ka bi kebul, ka bar Wi-Fi ga abin da ba ya kan bugu, irin canza murya ko ɗaga ƙara. Ka kashe duk manhajar da ke iya fara sauke wani abu a tsakiyar waƙa. In aka tara shawarwarin nan, abu ɗaya suke cewa: a mayar da netwok hanyar da babu kowa a kanta sai kiɗa, mai sanannen mafari da sananniyar makoma. Wato a sake gina halin tsohon kebul a cikin sabon. Mun samu sauri da nisa da yawan tashoshi daga netwok, amma tsayuwar lokaci sai da muka koma 1983 muka aro.

Nisan ma da iyaka, kuma ba ta dabara ba ce. Burin mutanen Berkeley tun farko shi ne makaɗa su yi kiɗa tare daga garuruwa daban-daban. Haske a cikin zaren gilashi na cin kimanin kilomita 200 a milisakan guda. Daga Kano zuwa Landan ya haura kilomita 4,000 a miƙe, wato fiye da milisakan 20 zuwa kawai, kuma kebul ɗin ba miƙe yake ba. Da jinkiri ya kai milisakan 25 zuwa 30, makaɗa biyu kan fara jiran juna har kiɗan ya yi sanyi. Shi ya sa fasahar da aka yi don nesa ta fi yin amfani a cikin gini guda.

Duk tsawon tafiyar nan, saƙon da ke cikin ƙunshin bai canza ba. Gaɓoɓi ukun nan ne ke yawo a kebul mai gudun gigabit, da matakansu 128, da zatonsu cewa kiɗa maɓallai ne da ake dannawa a saki. Wanda ya taɓa kwaikwayon goge ko kukuma ko kalangu a fiyano ya san inda gizo ke saƙa: amonsu zamewa yake tsakanin matakai, umarnin lanƙwasa amo kuwa tasha yake kamawa ɗungurungum, ba amo ɗaya ba. Jerin kayan kiɗa 128 na General MIDI da aka amince da shi a 1991 yana da sitar da koto da kalimba, babu ko ɗaya daga waɗannan namu. Faɗin hanya bai gyara wannan ba, don ba ciwon hanya ba ne. Sai a 2018 aka amince da MPE, dabarar ba kowane amo tasharsa, sannan a 2020 MIDI 2.0 ya zo da magana ta fuska biyu, da matakan ƙarfin bugu 65,536, da tashoshi 256. Kan USB ya fara hawa, a farkon 2025 kuma ƙungiyar MIDI ta sanar da ƙa'idar kai shi ta netwok. Ita ma a kan UDP take, tana maimaita saƙonnin baya cikin sabon ƙunshi don maganin ɓata.

Hanyoyi da dama sun zo sun wuce a shekaru arba'in ɗin nan: ƙofar modem ta tsoffin Mac, ƙofar wasanni ta katin sauti, FireWire, mLAN. Saƙon ya bi kowacce ya bar ta a baya, don gajere ne kuma ba mallakar kowa ba ne. Ethernet da Wi-Fi ma ba su ne na ƙarshe ba. Abin da nake ganin ya cancanci matashin makaɗi ya riƙe ba sunayen manhajoji ba ne, don za su tsufa kafin ya yi furfura. Tambayoyi ne biyu da zai yi wa duk hanyar da aka kawo masa da alkawarin sauri: jinkirinta tsayayye ne ko mai rawa, kuma me take yi in saƙo ya ɓace? Mai sayarwa zai nuna masa adadin megabit a jikin kwali, wanda ba ya amsa ko ɗaya daga ciki. Amsar sai an jona kayan, an cika netwok ɗin da aiki irin na ranar biki, an kaɗa bugu mai sauri na ɗan tsawon lokaci. In kiɗan ya zauna, a saya. In bai zauna ba, komai girman lambar, a ja kebul.